Daga Damagaram zuwa Kano a ƙafa: tarihin hanyar da iyaka ta raba biyu

Yau hirarmu ta tarihi a kan hanya take, hanyar da kusan kowane gida na Damagaram ke da wanda ya taɓa bin ta: daga Zinder zuwa Kano. Tsawonta wajen kilomita 240 ne. Mai mota, in Allah ya kiyaye kuma shingaye ba su tsare shi ba, zai iya yin sallar asuba a Birni ya yi la'asar a Fagge. Wani kan bi ta Matamaye ya tsallaka a Ɗan Barto zuwa Kongolam da Daura, wani ta Magarya da Tinkim ya faɗa Babban Mutum da Babura, wani kuma ta Dungas ya ɓulla Maigatari. To amma kafin mota, kafin duwan da kwastan, yaya kakanninmu ke yin wannan tafiya? Kuma wa ya ja layin nan da yau ake tsayar da mutum a ce ya fito da takarda?

Mu fara da matafiyin da. Kayansa a kansa suke bisa gammo, ko a bayan jaki cikin mangala. Yana da salka ko gora ta ruwa, da burgami, da ɗan guzurin gari da ƙuli-ƙuli, da sanda. Ba ya fita shi kaɗai sai in ya gaji da ransa. Ayari ake jira, ayari kuwa yana da madugu, wanda shi ke sanin rijiyoyi, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke cewa a tashi ko a sauka. Idan ayari na cin kilomita 20 zuwa 25 a wuni, kun ga tafiyar Kano ta kama kwana goma ko fiye. Duk inda aka kwana sunansa zango. Shi ya sa har gobe muke da unguwar Zango a nan Zinder, wajen ganuwar Birni, inda Abzinawa da fatake ke sauke kaya, kuma shi ya sa sunan Zango ya cika ƙasar Hausa.

Abin da ke bin hanyar ba kaɗan ba ne. Daga arewa ana kawo kantun gishiri da dabino na Bilma da Fachi, a biyo ta Abzin da Damargu. Daga gabas, ƙasar Manga, ana kawo mangul da kanwa. Kayan Larabawan Gadamus da Tarabulus, irin su takarda da tsakiya da alharini, su ma ta nan suke ratsawa. Daga Kano kuma baƙin turkuɗi na Kura ne ke hawowa, da saƙi, da jima, da goron da aka ɗauko tun daga Gwanja. Gashin jimina da fatu suna wucewa arewa har bakin teku. Akwai kuma kayan da ba mu son tunawa amma dole a faɗa: bayi.

A nan ina so mu gyara wata magana da ake yawan yi, wai kafin Turawa babu iyaka tsakaninmu. Akwai ta. Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa Kukawa. Kano tun bayan jihadi tana ƙarƙashin Sakkwato. Tsakaninsu akwai ƙananan sarautu irin su Zangon Daura da Baure, inda zuriyar sarakunan Daura na asali suka koma bayan jihadi, da ƙasashen Sosebaki kamar Dungas da Wacha. Iyakar wancan zamani daji ce mai faɗi wadda ba ta da mai ita sosai, inda ɗan hari ke laɓewa. Matafiyi kan san ya shiga wata ƙasa idan ya iso ƙofar gari aka karɓi kuɗin hanya a hannun madugu. Yaƙi ma ana yi. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga wajajen 1851 zuwa 1884, ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tara bindigogi, har igwa aka ƙera masa a nan gida. Bayan Rabeh ya ci Barno a 1893, Damagaram ta tsaya da ƙafarta, kuma Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano har Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu. Wato kakanninmu sun san rufe hanya tun kafin a haifi gwamnatocin yau. Bambancin shi ne, iyakar da tana motsi da ƙarfin sarki, ta yau kuwa an kafe ta wuri guda.

Daga cikin baƙin da suka rubuta labarin wannan hanya akwai Turawa uku da gwamnatin Ingila ta aiko, suka taso daga Tarabulus a 1850: James Richardson, da Heinrich Barth wanda aka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg. A watan Janairu na 1851, a ƙasar Damargu, suka rabu. Barth ya nufi Tasawa da Katsina da Kano, Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir, Richardson ya shigo Zinder zamanin Sarki Ibrahim. Abin da ya fi damun sa a garin shi ne hare-haren kamun bayi da ya gani da idonsa. Bai kai Kukawa ba, ya rasu a Ngurutuwa a watan Maris na shekarar. Shi kuwa Barth ya iso Zinder ranar 25 ga Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu 1853 yana jiran guzuri. Da kuɗinsa suka zo, azurfa dubu ce aka ɓoye cikin akwatunan sukari guda biyu, don kada kowa ya san ya samu kuɗi. Kun ga dabarar ɓoye kuɗin tafiya ba yau aka fara ta ba.

Amma matafiyin da ya fi cancanta mu sani ɗan gida ne. Sunansa Dorugu. An haife shi wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi a hari, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa a matsayin bawa. A can Overweg ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya bi Barth, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da ƙafarsa da bayan raƙumi Dorugu ya ga Katsina, ya ga Sakkwato, ya ga Tumbuktu, ya dawo Barno, ya ratsa Sahara ta Bilma da Murzuk har Tarabulus, ya shiga jirgin ruwa ya isa Landan a 1855. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, wanda ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya Dorugu ya dawo ƙasar Hausa ya yi aikin tafinta, ya rasu a Kano a 1912. Ku duba wannan rayuwa: an haife shi a inda yau ake kira Nijar, an binne shi a inda yau ake kira Najeriya, kuma a tsawon rayuwarsa ne aka ja layin da ya raba mahaifarsa da makwancinsa.

To yaya aka ja shi? A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a Landan, suka ce daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi a ja layi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. A lokacin babu sojan Faransa ko ɗaya a Damagaram, babu na Ingila a Kano. Rabon ƙasar da ba su taka ba suka yi. Kyaftin Cazemajou ne ya iso Zinder a 1898, aka kashe shi da tafintansa ranar 5 ga Mayu, zamanin Amadu Kuran Daga. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 14 ga Yuni 1898, aka sake wata yarjejeniya a Paris. Wannan karon an auna mil 100 daga Sakkwato aka zana baka, daga nan aka bi layukan taswira zuwa gabas. Bisa wannan zane, Zinder ta Faransa ce, amma kudancin ƙasar, wajen Magarya, ya faɗa hannun Ingila a takarda.

A ƙarshen Yuli 1899 aka gwabza a Tirmini, ragowar rundunar Voulet da Chanoine suka ci Damagaram, aka kashe Sarki Amadu a watan Satumba. Ingilishi kuwa sai a Fabrairu 1903 suka ci Kano. Da Faransawa suka zauna sai suka gano abin da kowane madugu ya sani tun fil'azal: hanya ruwa take bi. Layin 1898 ya bar musu faƙo da rairayi tsakanin kogin Kwara da Zinder, rijiyoyin kirki duk suna ɓangaren Ingila. Ayarinsu na soja ba ya iya isowa Zinder sai ya roƙi izinin ratsa ƙasar maƙwabci. Suka yi ta ƙorafi har aka zo babbar yarjejeniyar sulhu ta 8 ga Afrilu 1904. A cikinta Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can wajen Kanada, ita kuma Ingila ta yarda a sauko da iyaka kudu don Faransa ta samu hanya mai ruwa. Jama'a, ku ji fa: kifin tekun da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya sa yau Ƙonni da Maraɗi da Magarya suke Nijar.

An ƙara daidaita zanen a yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908, suka kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, aka sa hannu a 1910. Turakun ƙarfen da suka kafa su ne mutanen karkara ke kira tangaraho, don sun yi kama da sandunan wayar tangaraho. Zango da Baure, waɗanda a da ke kai gaisuwa Damagaram, suka koma ɓangaren Ingila. A 1906 ɗin nan Ingilishi suka maido da Malam Musa gadon sarautar Daura, a shekarar da Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa. Shekara ɗaya, gari da gari kusa da juna, wani Bature yana naɗa sarki, wani yana tuɓewa. Daga nan salon mulkin biyu ya fara rabuwa. Wani malamin Amurka, William Miles, ya zauna a ƙauyukan Yardaji ta Najeriya da Yekuwa ta Nijar, maƙwabtan juna, ya rubuta littafi a 1994 kan yadda wannan rabuwa ta shiga rayuwar talaka.

Layin ya zauna, amma ƙafa ba ta daina tafiya ba, sai dai dalilin tafiyar ya sake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka fara shigowa ta Ikko da araha, fataucin Sahara ya durƙushe. Zinder da ke ƙofar arewa sai ta koma mai kallon kudu. A 1911 ɗin ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, a 1926 aka ɗauke aka kai Yamai, kuma kusancinta da Kano yana cikin abin da bai kwanta wa Faransawa ba. Lokacin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 mutane sun kwarara kudu neman abinci. Haraji da aikin dole da kamun soja sun sa gidaje da yawa sun tattara cikin dare sun tsallaka, don a wancan gefen nauyin ya fi sauƙi. Aikin dole bai ƙare a ƙasashen Faransa ba sai 1946. Wato iyakar da aka kafa don a tsare talaka, shi talakan ya mai da ita mafaka. Ga almajirai masu tafiya gabas da kudu neman karatu, ga ƴan ci-rani da ke fita bayan kaka su dawo da damina, ga mahajjatan ƙafa masu bi ta Barno da Cadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Makka.

Sau nawa aka rufe wannan iyaka? Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1940 zuwa 1942, hukumar Nijar tana bin gwamnatin Vichy, Najeriya tana hannun Ingila, sai aka tsananta tsaro kamar tsakanin abokan gaba. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanenmu suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A Agusta 2019 Najeriya ta sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da mai, sai a Disamba 2020 aka fara buɗe wasu ƙofofi, ciki har da Maigatari da Illela. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake toshe hanya har zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba ɗan ƙasa damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza.

Duk wanda ya rayu a waɗannan lokuta ya san abin da ke biyo baya. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, yawancinta gonaki ne da fili, babu kogi babu dutse. Ba a iya toshe ta. Abin da rufewa ke yi shi ne ta kori mutane daga titi zuwa ɓarauniyar hanya. Mai raƙuma da mai amalanke da ɗan kabu-kabu su samu kasuwa, kuɗin hanya ya ninka, farashin gero da magani ya hau. Babban ɗan kasuwa yana da hanyar da zai bi. Wadda ke shan wuya ita ce tsohuwar da za ta je ganin likita Kano, da mai akuya biyu da zai kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da yarinyar da aka aurar ƙauyen da ake hango rumbunansa daga ƙofar gidan ubanta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Idan aka ɗaure ƙafar, ai an taɓa zumuntar.

Akwai kuma darasin da ya fi wannan ɗaci, kuma daga ƙasar su Dorugu ya fito. A Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, mafi yawa daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Bayan nan aka yi dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamba 2023. Ko da doka ko babu, abin da madugun da ya sani bai canja ba: ba a shiga daji sai an san inda ruwa yake, ba a bin jagoran da ba a san asalinsa ba, ba a tafiya ba tare da an bar labari a gida ba. Ayarin da yana da shugaba wanda sunansa da mutuncinsa ke kan kowane rai da ya ɗauka. Direban da ya karɓi jikkunanka a ɓoye, ya bi da kai inda babu jandarma babu rijiya, ba shi da abin da zai rasa idan ya zubar da kai.

Saboda haka, matasanmu masu rataya jaka a baya, ko Kano za ku ko gaba da Kano, ga abin da tarihin nan ke ce muku. Tafiya gadonku ce, babu mai ce muku ku zauna. Amma ku tafi irin tafiyar masu hankali. Ku riƙe katinku na ɗan ƙasa da takardar rigakafi, ku bi ƙofar da aka sani muddin tana buɗe, ku tambayi halin hanya kafin ku tashi domin dokoki suna sauyawa, kuma matambayi ba ya ɓata. Ku raba kuɗinku wuri biyu, ku canji sefa da naira wurin wanda aka sani a tasha. Ku san gidan da za ku sauka, kamar yadda kowane bafatake ke da mai masaukinsa a Kano. Kada dare ya same ku a dajin da ba ku sani ba, balle a wannan zamani na ƴan bindiga.

Su kuma hukumomin ƙasashen biyu, suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai. Abin da talakan bakin iyaka ke roƙo bai taka kara ya karya ba: idan manya sun saɓa, a bar wa mai jinya da mai ziyara da mai ɗan tallansa ƙofa. Layin nan shekarunsa ɗari da ƴan kai. Hanyar Damagaram zuwa Kano ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma auratayya da kasuwa da karatu da suka ɗinke garuruwan nan suna nan yadda suke.

Wanda ke da tsoho a gida, ya zauna da shi ya tambaye shi zangunan da suka kwana a hanyar Kano, da sunayen rijiyoyin da suka sha, da madugun da suka bi. Waɗannan sunaye ba sa cikin littattafan Turawa, a bakin tsofaffinmu kawai suke, kuma kullum raguwa suke yi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai matafiya lafiya ya maido su lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu cikin aminci. Sai mun haɗu a hira ta gaba.